Ciwon da Ke Ɓuya a Hanjin Tunkiya

Ɗan'uwa makiyayi, da kai mai lodin raguna daga Gaya, ka tsallaka Malanville ka sauke a Parakou ko ka zarce Djougou: ka taɓa ganin tunkiya tana kiwo da kyau amma kullum sai ramewa take? Ka ba ta maganin tsutsa, shiru. Ka ce ciwon hanta ne, nan ma shiru. Ƙasan haɓarta ya kumbura, ƙafafu suka kasa ɗaukarta. To, akwai wani ciwo mai irin wannan kama, kuma tarihinsa ya shafi masu tsallaka iyaka da dabbobi.

A 1895 ne wasu likitoci biyu, Johne da Frothingham, suka duba hanjin wata saniya a Dresden ta ƙasar Jamus, suka tarar ya yi kauri, cike da ƙwayoyin cuta 'yan'uwan na tarin fuka. Shi ya sa ake kiransa ciwon Johne. Sai a 1912 aka iya raya ƙwayar a ɗakin bincike, don ba ta gaggawar girma. Daga baya aka gane iri-iri ce: akwai irin shanu, akwai irin tumaki, akuya kuwa tana iya ɗaukar ko wanne.

Amma labarin da ya fi kamata ka ji shi ne na Aislan, wani tsibiri can arewacin Turai. A 1933 gwamnatinsu ta sayo tumaki 20 na irin Karakul daga Jamus don a inganta garke. An killace su wata biyu, ba a ga komai ba, aka rarraba su ga manoma. Sai a 1938 ciwon ya bayyana a tumakin ƙasar. Shekara biyar fa! A 1945 ya shiga shanu. Aka yi ta yanka garkuna ana kafa shinge tsakanin yankuna, bai ƙare ba, sai da allurar rigakafi ta zama dole a 1966.

Ka ga, ba wai masu killacewar sun yi sakaci ba ne. Ɗan rago kan kamu tun yana shan nono, ta kashin da ya ɓata hantsar uwa ko ruwan sha, ya yi shekara biyu ko fiye fes da shi, yana watsa ƙwayar. Djougou da Parakou kuwa zango ne tun zamanin fataken goro masu bin hanyar Kano zuwa Gwanja, har yau dabbobin ƙasashe da yawa na haɗuwa a kara ɗaya.

Kuma kada ka jira zawo. A shanu ne yake tsananta. Tunkiya da akuya sau da yawa rama kawai suke yi. Gwajin jini ma kan kuskure dabbar da ciwon bai nuna a jikinta ba tukuna, kuma babu maganin da ke warkar da shi. In an yanka ramammiya, dubi ƙarshen ƙaramin hanji: in ya yi kauri da ninki-ninki, kaluluwar da ke jikinsa ta kumbura, kai wa likitan dabbobi ya duba, ka kuma ware 'ya'yanta daga waɗanda za ka bari su hayayyafa.