Yadda Ake Samun Gida A Ƙauyukan Tambuwal Da Kebbe, Jiya Da Yau

Yau hirar tamu za ta kai mu kudancin Jihar Sakkwato, ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda ƙauyuka ke zaune a kan tudu da gindin 'yan duwatsu, fadama na ƙasa da su. Tambayar da nake so ki riƙe a ranki ita ce: gidan nan da kike ciki, kike sharewa safe da yamma, ta wace hanya ya zama na mutanen gidanku?

Bari mu koma baya. Bayan jihadin da aka fara a 1804, wannan yanki ya zama bakin iyaka, don Kabawa suna nan yamma ba su gama miƙa wuya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ba da ƙarfi wajen kafa ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, inda ake zaunar da mutane su yi noma, su yi karatu, su kuma tsare ƙasa. Tambuwal tana hannun ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da sarautar garin. To a irin wannan wuri, ƙasa ba ta yi ƙaranci ba, mutane ne suka yi ƙaranci. Shugaba neman jama'a yake yi ruwa a jallo. Saboda haka baƙo in ya zo da iyalinsa, ba a tambayarsa nawa ya zo da shi. Wa ya san ka? Gidan wa ka sauka? Mece ce sana'arka? Mai masaukinsa ya kai shi wurin mai gari, a yi gaisuwa da ɗan goro, a nuna masa fili. Shi ke nan, ya sami wurin zama.

Kada ki ɗauka abin kara zube ne. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya rubuta littafi a kan wannan magana mai suna Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta kowa. Babbar hanya a mazhabarmu ta Malikiyya ita ce raya matacciyar ƙasa: a sare daji, a haƙa rijiya, a dasa itace, a yi gini. In wurin yana kusa da gari, sai da izinin shugaba. Kin ga ke nan gumi ne ke ba mutum gida.

Shi ginin kansa ma ba na mutum ɗaya ba ne. Da rani ake kwaɓa ƙasa a yi tubali, a kira gayya, a jera azara ta giginya, a kewaye da darni kafin a sami halin katanga. Ruwan kwaɓin fa, da abincin 'yan gayya, da daɓen ɗaki, wa ke yi? Mu ne. Amma in ana ba da labari sai ka ji an ce, "Wane ne ya gina gidan nan." Allah dai ya ba mu lada!

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A 1910 suka yi doka wadda ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe wa 'yan ƙasa amana. A ƙauye abin bai sauya sosai ba, hakimi da uban ƙasa ne dai ake gani. (A nan ƙasar Sakkwato hakimi shi ne mai ƙauye, uban ƙasa ke bisansa, ba kamar Kano ba.) Abin da ya sauya shi ne haraji da kuɗi tsaba. Mai gidan da haraji ya kama shi ba ko anini, sai ya ba da gonarsa jingina, ko ya tafi cin rani. Jinginar da aka daɗe ba a fansa ba kuwa, shaidu suka mutu, sau da yawa rikiɗewa take yi ta koma kamar ciniki. Rigingimu da yawa da jikoki ke kai wa alƙali yau, daga nan suka samo asali.

Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar a 1962. Sannan a 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka kafa dokar amfani da ƙasa wadda ake aiki da ita har yanzu. A ƙarƙashinta, filin birni Gwamna ke ba da takardarsa, na ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin zama bisa al'ada, kuma ana bukatar amincewarta kafin a sayar. Mutane nawa suka san haka a ƙauye? Galibi takardar ciniki ce kawai, da sa hannun hakimi da shaidu, wani lokaci ma ko ita babu.

Jama'a kuma sun ƙaru. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum sama da 220,000, Kebbe sama da 120,000. A garuruwan bakin titi irin su Tambuwal da Dogon Daji, filin da kakanni suka samu da goro ya koma fuloti, da dillali da la'adarsa, da bulo da kwano. A ƙauyukan lungu kuwa, musamman wajen dajin da ya haɗa Kebbe da Zamfara, a shekarun nan ɓarayin daji sun sa wasu sun bar gidajensu, sun dawo gari zaman aro ko haya. Mai gudun tsira da rai ba ya ciniki mai kyau.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ki kai tsaye, 'yar uwa. Shari'a ta ba mace rabonta a gida da gona kamar yadda ta ba ta a sauran dukiya. Matar mamaci tana da kashi ɗaya cikin takwas, wato tumunin takaba, in akwai 'ya'ya. In babu, ɗaya cikin huɗu. 'Ya mace tana da rabin rabon ɗan'uwanta namiji. Amma a al'adar ƙauye ba a cika raba gidan gado ba. Sai a ce, "Ke da kike ɗakin miji, bar shi a hannun yayanki, ai gidanku ne." A da wannan magana tana da ma'ana, don gidan ba ya zuwa ko'ina, in aure ya mutu ko miji ya rasu, ɗakinki na nan. Yanzu da gida ya zama abin sayarwa, yaya na iya karɓar kuɗi ya sa hannu, ke kina cikin kulle ba ki ji ba, sai dai 'yar talla ta kawo miki labari.

Ni a ganina kunya ce ta fi cutar mu a nan, ba rashin doka ba. Malikiyya tana da hukuncin da ake kira shufu'a: in kuna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗayanku ya sayar da rabonsa ga bare, kina da ikon biyan kuɗin da aka saya ki karɓe wannan rabon. Naki rabon kuwa ba mai sayar da shi sai da yardarki. Ba lalle sai kin fita ba, kina iya naɗa wakili, mijinki ko ɗanki ko kawunki, ya tsaya miki gaban alƙali. Amma malamai sun ce wadda ta san an yi cinikin ta yi shiru har lokaci ya ja, kimanin shekara guda, haƙƙinta na shufu'a ya faɗi.

Haka nan in ke ce mai saye, da kuɗin adashinki ko na tumakin da kika kiwata. Sa wakilinki ya tambaya ko gidan na gado ne, an raba ko ba a raba ba, matan gidan sun yarda ko ba a ma gaya musu ba. Takardar kuma a rubuta sunanki da na mahaifinki, a kawo miki har ɗaki, wata mai karatu ta karanta miki kafin ki dangwala yatsa.