Sarakuna da Ƙungiyoyin Al'umma a Yaƙi da Shan-inna a Nijeriya, 2003-2020

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda hukumomin lafiya suka haɗa hannu da shugabannin al'umma wajen kawar da cutar shan-inna daga Nijeriya. Sunan cutar kansa yana nuni da tsohuwar fahimtar Bahaushe, cewa wata iska mai suna Inna ce ke shanye ƙafar yaro. Wanda ya ɗauki cuta aikin iska, da wuya ya yarda ɗigon ruwa a baki zai kare ta.

Asalin Rikici

A shekarar 2003 jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da riga-kafin, bisa zargin cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Zargin ya sami gindin zama ne domin jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan ba, wanda kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kano ba ta koma ga riga-kafin ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya. Duk da haka iyaye da dama sun ci gaba da ɓoye 'ya'yansu, har a 2006 cutar ta kama yara sama da 1,100.

Haɗin Gwiwa

Daga nan hukuma ta gane cewa umurni kaɗai ba ya buɗe ƙofar gida. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Saƙo ya riƙa gangarowa daga sarki zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa, limamai suna bayani a masallatai. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da mata 'yan sa-kai suka shiga cikin gidaje, inda al'ada ta ce ba a shiga. Waɗanda cutar ta naƙasa ma suka fito suna faɗakarwa. Adadin masu kamuwa ya sauko daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010. Aikin bai rasa asara ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano.

Kammalawa

An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ita daga Afirka. Maganin yana nan tun farko; amanar jama'a ce aka rasa, kuma ta bakin waɗanda suka saba ji da harshensu aka maido da ita.