Yadda Mai Ya Shiga Rijiyoyin Ogale

Mu mazauna Fatakwal mun san Eleme, amma ba kowa ya san tarihin ruwanta ba. An fara haƙar mai a ƙasar Ogoni a 1958. Kamfanin Shell ya dakata a 1993, sai dai bututai na nan, malala ba ta tsaya ba. A 2011 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka samu benzin, sinadari mai jawo ciwon daji, a rijiyoyin Ogale da ke Eleme, ya ninka ƙa'ida sau 900. Suka ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. Sai 2016 gwamnati ta ƙaddamar da aikin tsabtacewa a Bodo. To jama'a, rijiyar da ke warin fetur, kada a sha ruwanta.