Maƙiya Biyu Na Wayar Iska

Duk wanda ya saba sauraron rediyo a gajeren zango ya san yadda murya ta kan taso da ƙarfi, sa'an nan ta dusashe kamar mai maganar ya faɗa rijiya, jim kaɗan kuma ta komo. Wannan shi ne maƙiyi na fari na wayar iska, ba kuwa aikin mutum ba ne.

A watan Disamba na 1901 wani mutumin Italiya, Marconi, ya aika da alama daga Ingila, aka ji ta a hayin Tekun Atlantika. Masana suka yi mamakin yadda saƙon ya bi lanƙwasar duniya. Sai a 1924 wani Bature, Appleton, ya tabbatar akwai wani rufi can sama mai mayar da saƙo ƙasa, kamar yadda dutse ke amsa kuwwa. To, ga asalin dusashewa: saƙo ɗaya ya kan iso ta hanyoyi biyu ko fiye. In sun zo daidai su ƙarfafa juna, in sun saɓa su kashe juna. Maganin da aka samo shi ne a kafa eriya biyu ko uku nesa da juna, gama da wuya murya ta dusashe a dukansu lokaci guda.

Maƙiyi na biyu kuwa ɗan Adam ne. A 1904, cikin yaƙin Rasha da Japan, Rashawa da ke tsare da tashar jiragen ruwa ta Port Arthur suka cika iska da ƙara, don kada jiragen Japan su gaya wa juna inda harsashinsu ke faɗawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙasaita. Hukumar Tarayyar Sobiyet ta fara toshe Muryar Amurka a 1948, da BBC a 1949, don kada jama'arta su ji labarin waje. Gidajen rediyon nan suka riƙa watsa shiri ɗaya a mitoci da yawa, masu toshewa su tare nan, magana ta ɓulla can. Ba a daina toshewar ɗungum ba sai a ƙarshen 1988.

Tun 1942 kuma wata 'yar wasan sinima, Hedy Lamarr, da wani makaɗi, George Antheil, suka yi rajistar wata dabara a Amurka, watau mai aikawa da mai karɓa su riƙa sauya mita tare, bisa tsarin da su kaɗai suka sani. Kafin maƙiyi ya gano inda su ke, sun tashi. Irin wannan dabara ce Bluetooth na wayar hannu ke bi, ya kan sauya mita sau 1,600 cikin daƙiƙa guda, don kauce wa ƙarar waɗansu na'urori.

Mai karatu ya lura, maƙiyan biyu ne, amma maganinsu ɗaya: kada a bar saƙo ya dogara ga hanya guda. Mai hanya ɗaya, ran da aka datse ta, ya kwana a waje.