Daga ɗumame zuwa brunch: tarihin kalacin safe a Yamai

A wannan kundi ina so mu bi sawun wata kalma da ta shigo Yamai ta zauna daram a bakin samari da ƴammata, wato brunch. Kuna ganinta a tallan manyan otal na ranar Lahadi, kuna ganin hotunanta a Facebook da TikTok: kafe, kirwasan, ruwan lemu, ga wurin ninkaya a gefe. Daga ina ta zo, kuma me ta tarar a gidanmu?

Mu fara da namu. Bahaushe ya ce karin kumallo, wato a karya wannan ɗacin da ke tasowa wanda ya kwana ciki ba komai. Abin sha'awa, Balarabe ma da fuɗur, da Bature ɗan Ingila da breakfast, da Bafaranshe da déjeuner, dukansu karyawa suke nufi, sai dai su azumin dare suke karyawa. Abin da ake karyawa da shi a nan kuwa gero ne da dawa da wake: ɗumamen tuwon jiya, koko da ƙosai, kunu, masa, fura da nono. Alkama ba baƙuwa ba ce, don sunanta ma daga Larabci ya zo, kuma ana nomanta a fadamu da lambunan Abzin tun kafin zuwan Nasara. Amma abincin ranar biki ce da gidan masu hali, a yi alkaki ko funkaso. Ba wanda ke tashi da ita kullum safiya.

A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo Yamai, garin da a lokacin ƴan ƙauyuka ne a bakin kogin Isa, irin su Maurai da Kallai da Gawai da Gamkalle. Tare da ofis da bariki da lakwal sai burodi ya samu wurin zama, tare da agogon da ke cewa a kasance wurin aiki da sassafe. Ma'aikaci ba ya iya jiran a dama koko a gida, sai mai shayi ya kafa teburinsa a bakin hanya. Ku duba teburin nan da idon mai nazarin harshe, tarihi ne zube. Shayi da sukari ta bakin Larabawa muka same su, asalin shayin kuma Sin. Burodi kalmar Ingilishi ce da ta hauro daga kudu, ko da yake dogon da muke ci na Faransawa ne. Omlet da mayonez Faransanci. Nescafé kuwa a Suwizalan aka fito da shi a 1938.

Zamanin otal ya zo da kuɗin yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, farashinsa ya hau a cikin shekarun nan, gwamnatin Seyni Kountché ta shiga manyan gine-gine a bakin kogi. A nan aka samu otal Gaweye, wanda duk mai tsallako gadar Kennedy daga Harobanda yake gani. Sunan tsohuwar unguwar wurin ya gada, mutanen unguwar kuma aka tashe su. A irin waɗannan ɗakunan cin abinci petit déjeuner ya yi sarauta. Shi ma wannan suna da labarinsa: a Paris lokacin déjeuner ne ya yi ta ja da baya har ya kai tsakar rana, dole aka ƙirƙiro "ƙarami" don safe. A Beljiyam da Kebek har gobe déjeuner na safe ne. Kirwasan ɗin ma da muke ɗauka Bafaranshe tsantsa, wani ɗan Ostiriya ne, August Zang, ya kai kakansa Paris wajen ƙarshen shekarun 1830.

Wannan sabo yana da tsada, don garin burodi daga waje yake zuwa. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, duk abin da ke shigowa ta jirgin ruwa ya yi tsalle. Mun sake gani da idonmu bayan 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakar Benin, hanyar Kwatano ta toshe. Gero dai a gonarmu yake, in damina ta yi kyau.

To, sai brunch. An haife shi a Ingila a 1895, a rubutun wani Guy Beringer, wanda ya yanko kan breakfast da wutsiyar lunch ya liƙa, don mutanen da suka raba dare ranar Asabar su samu yin barcin safe ranar Lahadi. Amurka ta ɗauka ta yaɗa. A nan Yamai, ƙofar da ta fi buɗe masa ita ce 2019, shekarar da muka karɓi taron Tarayyar Afirka a watan Yuli. Don saukar baƙi aka buɗe Radisson Blu, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya gina, da Noom da Bravia. Sabbin otal, sabon salo, sabuwar kalma. Kuɗin zama guda a can kuwa, wallahi sai ya kai ɗalibi kwanaki wurin mai koko.

Ga inda nake so mu tsaya. Hausa ta yanka safiya gunduwa-gunduwa: asuba, sassafe, hantsi, walaha, kafin azahar. Manomi ya fita da asuba da ɗan abin da ya taɓa, sai hantsi ya dubi ludayi a kai masa fura ko dambu gona, ya zauna gindin gawo ya ci. Cin da ba na safe ba, ba na rana ba, me sunansa in ba brunch ba? Mun daɗe da abin, har da lokacinsa mai suna. Bambancin kawai, na Beringer na wanda ya makara ne, namu na wanda ya riga rana fita.

Ba na kiran kowa ya ƙaurace wa kirwasan. Harshe da ciki duk da aro suke rayuwa, shayin ma aro ne. Damuwata ita ce ranar da masa za ta hau teburin otal a rubuta mata galette de mil, a kira ƙosai beignet de haricot, yaro ya tashi yana jin kunyar sunan abincin uwarsa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka a takarda ke nan. Ni a kan takardar abinci zan so in ga aikinta: kalacin hantsi a sama, masa masa ce, kopto da fari masa su riƙe sunansu na Zabarmanci.

Don haka ga roƙona ga ƴan ƙungiya. Wanda ya je gida hutu, Maraɗi ko Dosso ko Tawa ko Agadas, ya zauna da tsohuwa ya tambaye ta me suke karyawa da shi suna yara, da wane lokaci, da wane suna, ko da Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci ko Barbarci. A rubuto, mu haɗa su a kundi na gaba. Kuɗin fotokofi, kamar kullum, karo-karo ne.