Donike, Manfred (1933–1995), da Tarihin Gano Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasanni

Manfred Donike malamin ilmin kimiyyar sinadarai ne, mutumin Jamus, wanda ya ƙarar da shekara talatin na rayuwarsa a kan mas'ala guda, wato yadda za a tabbatar da hujja, ba da zato ba, cewa ɗan wasa ya sha abin da shari'ar wasanni ta haramta domin ya ƙara wa jikinsa ƙarfi. Waɗannan abubuwa su ne Hausawan Nijeriya ke kira ƙwayoyin ƙara kuzari, mu kuwa a nan Damazin da ƙauyukanmu na gaɓar Bahar Azraƙ, tun daga Maiurno har Rusairis, harshenmu ya fi sabawa da lafazin Larabci, munashshiɗat. Dalilin tsara wannan maƙala shi ne, ruwayoyin da ke yawo game da mutumin sun saɓa wa juna a wurare da dama, har ma mafi shaharar abin da ake jingina masa, wato kama Ben Johnson, ba shi ne mafi girman aikinsa ba, ba kuma a ɗakin gwajinsa aka yi shi ba.

An haife shi ran 23 ga Agusta 1933 a Köttingen, kusa da birnin Kolon. Ya fara da tseren keke, har ya zama sana'arsa: ya ci tseren kwana shida na Münster a 1956 tare da Edi Gieseler, ya kuma shiga babban tseren kewaya Faransa a 1960 da 1961, ko da yake bai kai ƙarshensa ba. Zamanin nan kuwa amfetamin ya zama ruwan dare a tsakanin mahaya keke, saboda haka lokacin da ya koma ga karatu, ya sami digirin dakta a Jami'ar Kolon a 1965, ya shiga ɗakin bincike da sanin abin da takwarorinsa malamai ba su sani ba, wato me ake sha, da yaushe ake sha, da yadda ake ɓoyewa.

Shekarun ɗakin bincike

A 1966, shekarar da aka gama ginin madatsar ruwa ta Rusairis wadda garinmu ya bunƙasa a gindinta, Donike ya nuna cewa ana iya gano magungunan hana gajiya a cikin fitsari ta hanyar da ake kira kuromatogirafin iskar gas. Ya kamata a tsaya a fahimci wannan hanya, domin duk abin da ya biyo baya a kanta aka gina shi. Ana tace fitsarin, a ɗebi ɗan abin da ya rage, a zafafa shi har ya zama tururi, sannan iska ta tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawo wanda aka shafe cikinsa da wani abu mai riƙo; to, kamar yadda ayarin alhazan ƙasa kan tashi daga zango guda a sa'a guda, amma mai raƙumi ya riga mai jaki sauka, mai jaki kuma ya riga mai ɗauke da kaya a ka, haka sinadaran nan ke fita daga bututun ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacinsa wanda ba ya saɓawa. Wanda ya san lokacin fitar kowane sinadari, ya san sunansa. In kuma aka haɗa bututun da wata na'ura ta biyu mai farfasa ƙwayar sinadari ta auna nauyin gutsattsarinta, shaida ta zama biyu, kowacce tana ƙarfafa 'yar'uwarta.

Amma akwai mushkila. Da yawa daga cikin magungunan nan, musamman dangin sitiroyid masu gina tsoka, ba sa yarda su zama tururi. In an matsa musu da zafi sai su lalace kafin su bi bututun. A 1969 Donike ya haɗa wani ruwan sinadari da aka taƙaita sunansa da haruffa MSTFA, wanda aikinsa shi ne ya lulluɓe wuraren da ke sa ƙwayar magani maƙalewa, har ta zama mai saurin tashi, mai jure wuta. A 1980 kuma, shi da abokin aikinsa Zimmermann suka kyautata yadda ake sarrafa shi domin sitiroyid. A ra'ayin mai wannan rubutu, nan ne asalin gadon Donike yake, alhali littattafan tarihin wasanni kan ba shi layi ɗaya tak su wuce, domin har yau da wannan ruwa ake aiki a ɗakunan gwajin 'yan wasa, kuma ya ƙetare su ya shiga binciken tsirrai da abinci da cututtuka.

A wajen ɗakin bincike kuwa al'amari ya riga ya ƙazanta. Ran 13 ga Yuli 1967 Tom Simpson, mahayin keke na Ingila, ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux, aka sami amfetamin a jikinsa, kuma a shekarar ne Kwamitin Olimfik na Duniya ya kafa majalisar likitocinsa a ƙarƙashin Yarima Alexandre de Merode. Gwajin da aka yi a wasannin Olimfik na Meziko a 1968 bai kama kowa ba sai mutum guda na Suwidin, shi ma saboda giya. Da wasannin suka zo Munik a 1972, waɗanda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sudan ta halarta shekara biyu bayan ta ɗauki kofin Afirka a Khartum, sai aka danƙa wa Donike tsara gwajin gaba ɗaya. An auna samfuri 2,079, aka kama mutum bakwai, kuma a nan ne aka fara yin abin da tsari irin na yau, da na'urar tacewa da na'urar tabbatarwa. Cikin bakwai ɗin akwai Rick DeMont na Amurka, yaro ɗan shekara 16, wanda aka karɓe wa zinariyar ninƙayar mita 400 saboda efedirin da ke cikin maganin asmarsa, maganin da ya riga ya bayyana wa jami'an tawagarsa. Na'ura ta faɗi gaskiya game da abin da ke jikinsa, amma niyya ba ta cikin abin da take aunawa, kuma wannan giɓi tsakanin samuwar abu da ƙudurin zuciya, wanda malaman fiƙihu suka daɗe da saninsa, bai rufu ba har yanzu.

Ba a nemi sitiroyid a Munik ba. Falalar gwajinsa na farko ta Raymond Brooks ce, na asibitin St Thomas a Landan, da shi aka yi aiki a Montiriyal a 1976, inda takwas daga cikin goma sha ɗaya da aka kama sitiroyid ne ya kama su. Wanda ya jingina wannan ga Donike ya yi kuskure.

Mizanin shida da ɗaya

A 1977 aka naɗa shi shugaban Cibiyar Kimiyyar Sinadaran Jiki a Jami'ar Wasanni ta Jamus da ke Kolon. Masu shan ƙwaya kuwa sun riga sun sake dabara: in gasa ta gabato sai su bar sitiroyid na haɗi su koma ga testosteron, wanda jikin kowane ɗan Adam ke yin nasa, ta yadda samunsa a fitsari ba ya zama hujja a kan kowa. Wasannin Mosko na 1980 suka ƙare ba a kama ko mutum ɗaya ba. Donike bai gamsu ba, ya sake auna ragowar samfuran a Kolon ba bisa hukuma ba, da wata fikira mai sauƙin faɗi: jiki yana fitar da testosteron tare da wani ɗan'uwansa marar aiki, efitestosteron, kusan kai da kai ga galibin mutane, wanda ya yi allurar na farko kuwa, nasa zai hau, na biyun ba zai bi shi ba, sai mizani ya rinjaya. Ya ba da rahoton cewa wajen kashi 20 cikin ɗari na abin da ya auna sun haura shida bisa ɗaya. A 1982 Kwamitin Olimfik ya karɓi wannan haddi ya haramta testosteron.

An jarraba mizanin a fili a wasannin nahiyar Amurka na Karakas, cikin Agusta 1983, inda Donike ya kwashi na'urorinsa da mutanensa ya kafa ɗakin gwaji. Nan ruwayoyi suka rabu. Wasu sun ce an kama 15, wasu 19. Waɗanda suka tattara kayansu daga tawagar guje-guje ta Amurka suka koma gida kafin a gwada su, wasu sun ƙidaya 12, wasu 13. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne an karɓe zinariya uku daga Jeff Michels mai ɗaga ƙarfe, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi, Mike Tully, ya komo ya ci tsallen sanda. Adadin 19 ya fi yawa a rubuce-rubucen da suka zo daga baya, na 15 kuwa ya fi kusa da rahotannin kwanakin gasar. A shekarar ce kuma Donike ya fara taron shekara-shekara na masu wannan fanni a Kolon, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa.

Adalci ya wajabta a ambaci raunin mizanin. Jamus ta Gabas ta sa kamfanin Jenapharm ya haɗa efitestosteron domin a riƙa yin allurar biyun tare, ɗakin gwajinta na Kreischa kuma yana auna 'yan wasa kafin su fita ƙasa, wanda bai tsarkaka ba a tsare shi a gida. Sannan akwai mutanen da halittarsu ce ta sa mizaninsu ya hau, da waɗanda nasu ba ya hawa ko sun sha. Donike ya san haka, shi ya sa ya yi ta kira da a riƙa kwatanta mutum da kansa a tsawon lokaci maimakon a kwatanta shi da jama'a. Shi kansa bai tsira daga tuhuma ba: binciken da aka fitar a 2013 kan tarihin ƙwaya a Jamus ta Yamma ya tayar da zargin cewa a can ma an yi gwajin kafin tafiya, aka ambaci sunansa, alhali ya shekara 18 a kabari ba shi da bakin amsawa.

Seul da abin da ya biyo

Labarin Ben Johnson sananne ne: ya ci tseren gudu a Olimfik na Seul cikin daƙiƙa 9.79 ran 24 ga Satumba 1988, kwana uku bayan haka zinariya ta tafi. Ɗakin gwajin na Koriya ne, a ƙarƙashin Park Jong-sei. Rabon Kolon a ciki shi ne hanyar gano abin da sitanozolol, sitiroyid ɗin da aka samu a fitsarin Johnson, ke rikiɗa ya zama a jiki, wadda Donike da almajirinsa Wilhelm Schänzer suka inganta. Rabon Donike kuma shi ne, da aka kawo uzurin cewa wani ne ya zuba wa Johnson abu a abin sha, ya nuna wa majalisar likitocin Olimfik cewa yanayin sinadaran jikinsa na wanda ya daɗe yana sha ne. Johnson ya yi iƙirari da bakinsa gaban hukumar Dubin a Kanada a 1989. A farkon 1992 kuma ɗakin Kolon ya gano cewa fitsarin da 'yar tsere Katrin Krabbe da abokanta biyu suka bayar a Afirka ta Kudu na mutum ɗaya ne.

Donike ya rasu ran 21 ga Agusta 1995, saura kwana biyu ya cika shekara 62, da ciwon zuciya, a cikin jirgin sama mai zuwa Johannasbag. Masu cewa a Zimbabuwe ya rasu sun ruɗe da inda ya nufa, domin yana kan hanyarsa ce ta shirya gwajin Wasannin Afirka na Harare, waɗanda aka buɗe a watan Satumba. Schänzer ya gaje shi, Mario Thevis ya gaji Schänzer a 2017. An kafa WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, a 1999. A 2004 ta cire kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da gahawa, daga jerin haramtattu. A 2005 aka sauko da mizanin zuwa huɗu bisa ɗaya. A 2014 shawarar Donike ta kwatanta mutum da kansa ta shiga kundin lafiyar ɗan wasa. Tiramadol kuwa, wadda ba a bukatar a gaya wa mutumin Kano ko na Damazin abin da take yi wa samari, an haramta ta lokacin gasa daga 1 ga Janairu 2024.