Ƙauyen Aro da Likitan da Ya Ƙi Kulle Ƙofa

A watan Satumban 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasunsu da mari a ƙafa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye, ko gagara, ko taɓin hankali. Waɗannan iyaye sun rasa inda za su nufa ne, suka nufi ƙofar da suka gani a buɗe. Tambayar da ta kai su can tsohuwa ce: ina ake kai mutum idan hankalinsa ya gushe? Shekaru 65 kafin wannan rana, wani likita a Abeokuta ya ba da amsar da har yau ba mu gama cin moriyarta ba.

Amsar Turawan mulkin mallaka ita ce katanga. Sun buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, sannan na Yaba a Legas a 1907, a wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. A 1916 suka kafa dokar da ta ba likita da alƙali ikon tsare duk wanda aka yanke cewa mahaukaci ne. Waɗannan gidaje ba a gina su don warkarwa ba. Manufarsu ita ce a kawar da wanda ke damun jama'a daga titi. Cunkoso ya yi musu katutu, kuma inda babu su, kurkuku ne ke ɗaukar nauyin. Sauran jama'a kuwa suka ci gaba da abin da suka gada: rubutun sha da addu'a wurin malamai, saiwa da hayaƙi wurin masu magani, girka wurin 'yan bori, idan abu ya gagara kuma sai turu.

Akwai tunanin da ya daure wa wannan sakaci gindi. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likita mai suna J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya. Carothers da ire-irensa sun ɗauka cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata daban take, kuma ciwon damuwa mai tsanani bai cika kama ɗan Afirka ba. Wanda aka yanke cewa ba ya jin ciwo, ai ba za a wahala wajen nema masa magani ba.

Cikin wannan yanayi Thomas Adeoye Lambo ya dawo gida. An haife shi a Abeokuta a 1923, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. A 1954 aka ba shi ragamar sabon asibitin Aro, wanda a lokacin ba a ma kammala gininsa ba. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya je ya zauna da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a gidajensu.

Tsarin mai sauƙi ne, amma kowane sashe nasa da dalilinsa. Ba a karɓar mara lafiya sai tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe, su koma ƙauye su kwana. Da rana ana ba shi magungunan zamani, domin a daidai wannan lokaci ne maganin chlorpromazine, wanda aka fara gwadawa a Faransa a 1952, ya soma sauya yadda ake kula da masu wannan cuta. Ma'aikatan jinya suna nan cikin ƙauyen dare da rana. Su kuma mutanen ƙauye, ban da kuɗin haya, sun samu ruwan famfo da rancen faɗaɗa gidaje. Saboda haka mara lafiya ya zama baƙo mai kawo alheri, wanda ake gaisawa da shi a hanyar kasuwa.

Mataki mafi jawo ce-ce-ku-ce shi ne shigo da masu maganin gargajiya cikin aikin. Lambo ya lura cewa mutumin da ya yi imani sammu aka yi masa ba zai saki jiki da likitan da ke yi wa imaninsa dariya ba. Don haka ya zaɓi wasu daga cikinsu suka yi aiki ƙarƙashin kulawarsa, suna tattaunawa da marasa lafiya da danginsu cikin harshen da suka fahimta, shi kuma yana riƙe da binciken cuta da bayar da magani. Bai karɓi duka da ɗauri ba. Abin da ya karɓa shi ne amanar da jama'a suka ba waɗannan mutane.

Lambo ya ba da rahoton cewa waɗanda aka yi jinya a ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, kuma ciwon bai cika dawo musu ba kamar waɗanda aka kulle. Dalilin a fili yake. Wanda ya shekara a bayan katanga yakan manta yadda ake zama da mutane, danginsa kuma su saba da rashinsa. A Aro, ɗan'uwan da ya yi jinya yana komawa gida da sanin alamomin ciwon da lokutan shan magani. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Lambo ya mai da wannan magana tsarin asibiti.

Sunan Aro ya zagaye duniya. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka a Abeokuta. A 1963 Lambo da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, tare da abokan aikinsu, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a ƙasar Yarabawa, wanda ya nuna cewa damuwa da fargaba suna nan a ƙauyukan Afirka kamar yadda suke a ƙauyukan Kanada. Da'awar Carothers ta rushe. Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan a 1968, ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya a 1971, inda ya kai matsayin mataimakin babban darakta. Ya rasu a 2004.

Tsarin yana da rauninsa. Ya dogara da dangin da za su iya barin gona ko kasuwa na tsawon watanni, nauyin kuma galibi a kan mata yake faɗawa. Da Abeokuta ta bunƙasa ta haɗiye ƙauyukan, sai tsarin ya yi ta dusashewa, asibitin ya koma kama da sauran asibitoci. Doka ma ta tsaya cik: ta 1958, wadda ta gaji ta 1916, ita ce ta ci gaba da aiki har farkon 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai kare haƙƙin marasa lafiya.

A yau Arewa tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Amma tsakanin gidan da ciwo ya fara da ƙofar waɗannan asibitoci akwai tazarar kuɗi da ta kunya, kuma a cikin wannan tazara gidajen mari suke rayuwa. Har yanzu malami ko limami ne mutum na farko da iyali ke kai wa kuka. Lambo ya fara ne da gane wannan gaskiya, ya je ya zauna da waɗanda jama'a suka amince da su, ya shata musu iyaka, ya ba su gurbi. Abin da ya yi aiki da shi ɗakunan haya ne, da dangi masu haƙuri, da dattawan da suka yarda su buɗe ƙofa, kuma duk waɗannan muna da su a unguwanninmu.